Kujera Mai Kallon Bango

Akwai wani yaro da ake kira Auta, domin shi ne ƙarami a gidansu. Yana ajin ƙarshe a firamare. Yaro ne mai lura ƙwarai, amma lurarsa tana da aibi ɗaya. Idan ya ga abin da bai gane ba, ba ya tambaya. Sai ya ajiye shi a ransa, ya yi ta juya shi, har ya zama zargi.

A bayan ƙofar ɗakin Mama akwai wata jita ta lantarki a rataye. Ta Kawu ce, yayan Mama, wanda ya rasu tun Auta yana rarrafe. Fentinta ja ne, amma ya koɗe a inda hannun Kawu yake gogawa. Mama ba ta iya kaɗa ta ba. Takan dai share mata ƙura, ta tsaya ta dube ta kaɗan, sannan ta koma bakin aikinta.

Auta ya koyi jita a makaranta, wurin Malamin kiɗa. Akwai wani ɗan kiɗa da Kawu ya ƙirƙira, wanda Mama take rerawa a hankali idan tana guga. Daga bakinta Auta ya ɗauke shi. Da Malam ya ji, sai ya ce, "Wannan za ka kaɗa ranar bikin rufe makaranta. Kai kaɗai, a gaban iyaye."

Da labari ya iso gida, Mama ta ce, "In haka ne, da jitar Kawunka za ka kaɗa shi."

Suka sauko da ita, suka haɗa ta da ƙaramar lasifikar da Kawu ya bari. Auta ya taɓa tsirkiya. Shiru. Ya sake taɓawa. Sai wani ɗan huci kawai, kamar na tsohuwar fanka.

Mama ta ce, "Sa takalminka mu je wurin mai gyara. Abokin Kawunka ne, tare suka yi kiɗa a zamaninsu."

Shagon mai gyara yana cikin wani lungu, jikin shagon wani tela. Ciki yana warin dalma da tsohon katako. Jitoci suna rataye, wasu babu tsirkiya, wasu an buɗe musu ciki. Mai gyara dogo ne siriri, da tabarau a ƙarshen hanci. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya kallon mutum a ido. Auta ya lura da wannan, ya ajiye a ransa.

Sai kuma ya ga wata kujera can a ƙurya. Ta juya wa shagon baya, tana kallon bango. Bangon kuwa babu komai a jikinsa, ko hoto ɗaya.

Mai gyara ya karɓi jitar da hannu biyu. Ya daɗe yana shafa wurin da fenti ya koɗe.

Ya ce, "Ashe tana nan."

Mama ta ce, "Tana nan, Yaya. Sai dai ta daina magana."

Ya kwantar da ita a kan tebur, ya nuna wani ɗan baƙin abu mai tsawon yatsa da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi. Masu jita suna ce masa fikof. Maganaɗisu ne da aka naɗe da zaren tagulla, siriri kamar gashi. Idan tsirkiya ta girgiza, shi yake ɗaukar sautinta ya aika wa lasifika.

Mai gyara ya ce, "Zaren ya tsinke daga ciki. Sai an sa wani."

Ya kwance mataccen fikof ɗin, ya naɗe shi a tsumma, ya saka a durowa, ya rufe. Auta ya bi durowar da kallo.

Daga nan ya fito da fikof biyu. Ɗaya sabo ne fil, da murfi mai ƙyalli, har Auta ya ga fuskarsa a jiki. Ɗayan na hannu ne, baƙi, da ƙarzuwa a gefe. Ya ɗaura su duka a kan wata mummunar jita da yake gwaji da ita. Wata waya ta taho daga jitar zuwa wani ɗan akwati a kan tebur. Akwatin yana da makunni. In an tura shi dama, fikof ɗaya ya yi magana. In an tura hagu, ɗayan ya karɓa.

Ya ce wa Auta, "Kai ne mai kaɗawa. Zauna can." Ya nuna kujerar bango.

Auta ya maƙale kafaɗa. "Ni daga nan ma ina ji, Baba."

Mai gyara ya ce, "Ido karambani gare shi." Iyakar bayaninsa ke nan.

Mama ta ce, "To ni bari in zauna."

Auta ya ja gefen zanenta, ya raɗa mata, "Mama, kada ki juya masa baya."

Ta ce, "Kai, sakar mini zane. An ce maka kasuwar ɓarayi muka zo?"

Ta zauna, ta fuskanci bango. Mai gyara ya tura makunni, ya kaɗa. Sauti ya fito da kauri da ƙarfi, ya cika shagon, har tela ya leƙo da almakashi a hannu. Na mai ƙyalli ne. Sai ya tura makunnin ɗaya gefen, ya sake kaɗawa. Wannan bai kai na farko ƙara ba, amma ya fita tas, kamar ruwa yana ɗiga a cikin kwano.

Auta bai saurara ba. Yatsun mai gyara yake kallo. Ya ga kamar sun fi lallaɓa tsirkiya a karo na biyu.

Mama ta ce, "Sake na biyun." Ya sake. Ta saurara, kanta a sunkuye. Can ta ce, "Wannan ne. Haka jitar marigayi take magana."

Da ta juyo ta ga tsohon ta zaɓa, sai ta yi dariya.

Auta ya ce, "Mama, tsoho ne fa! Ga sabo can yana ƙyalli."

Mai gyara ya ce, "Ba da ƙyalli ake kiɗa ba."

Ya saka tsohon a jitar Kawu, ya liƙa wayoyi da dalma. Akwai sukuru biyu, ɗaya a kowane gefen fikof. Ya riƙa murɗa su kaɗan-kaɗan, yana taɓa tsirkiya, yana kasa kunne. Da ya gamsu, sai ya ɗiga jan fenti a kan kowane sukuru. Mai ƙyallin kuwa ya mayar da shi cikin kwalinsa, ya ɗora can saman kanta.

Auta ya ce a ransa, "Na gane. Ya ajiye mai kyau don wani babban mutum. Jan fentin nan kuma alama ce ta kayan da ya yasar."

Washegari ya tafi da jitar makaranta. Akwai wani abokinsa mai buga ganga, ana ce masa Rediyo, domin bakinsa ba ya hutawa.

Rediyo ya saurara, ya taɓe baki. "Wannan ce jitar da ake ta cika mana baki a kanta? Ai ko atishawata ta fi ta ƙara."

Auta ya kwashe labarin shago ya faɗa masa, har da durowa da jan fenti.

Rediyo ya tafa hannu. "An yi muku wayo! Ya ɗauke na Kawunka, ya ba ku na juji. Amma akwai dabara. Yayana ya ce in kana son ƙara, sai ka ɗaga fikof ya matso kusa da tsirkiya. Sukurun nan biyu kawai za ka murɗa."

Da la'asar Mama ta fita kwashe shanya. Auta ya nemi sukundireba bai samu ba. Sai ya shiga kicin, ya ɗauko 'yar wuƙar da Mama take yanka albasa da ita. Ya sa bakinta a kan sukuru, ya murɗa. Jan fenti ya fashe. Ya koma ɗaya gefen, ya murɗa da ƙarfi. Bakin wuƙa ya lanƙwashe. Ya ruga ya cusa ta ƙarƙashin cokula.

Yanzu fikof ya kusa taɓa tsirkiya. Auta ya kaɗa. Lallai ƙara ta ƙaru. Amma sautin yana karkarwa, kamar mutum yana waƙa ana jijjiga shi. Kuma da ya fito sai ya mutu nan da nan.

Auta ya ga ya yi ɓarna. Ya ɗauko wuƙar, ya yi ƙoƙarin mayar da sukuru inda suke, amma bai san inda suke ba. Gefe ɗaya ya sauka, ɗaya ya tsaya a sama.

Ya zauna ya yi tagumi. Nan zargi ya zo ya buɗe masa ƙofar gudu. Ya ce a ransa, "Da fikof ɗin kirki ne, ɗan murɗawa ba zai lalata shi ba. Dama can ruɓaɓɓe ne."

Da Mama ta shiga girki, sai aka jiyo muryarta. "Wa ya lanƙwasa mini bakin wuƙa?"

Auta ya cusa kai cikin littafinsa.

Mama ta ce, "To, madalla. Wataƙila ɓeraye ne suka fara koyon girki."

A wurin gwaji na gaba, Malam ya ɗaga hannu tun Auta bai kai rabi ba. Ya karɓi jitar, ya saita tsirkiyoyi da kansa, ya kaɗa, ya girgiza kai.

Ya ce, "Jitar nan ba ta riƙe sauti. Wa ya taɓa ta?"

Auta ya ce, "Mai gyara ne, Malam."

"To biki ya matso. In ba a gyara ta ba, dole in ba wa wani wurinka. Ba zan tara iyaye su ji kukan kyanwa ba."

Auta ya koma gida da idanu jajaye. Ya kaɗa wa Mama ta ji. Sannan ya jero mata duk abin da ya tara a ransa: durowar da aka rufe, kwalin da aka ɗora sama, jan fenti, da yatsun da suka lallaɓa tsirkiya. Abu ɗaya kawai ya bari bai faɗa ba.

Mama ta ce, "Abokin marigayi ne fa, Auta. Tare suka ci, tare suka sha."

Auta ya ce, "To me ya sa ya ce ki juya baya?"

Maganar nan ta soki Mama. Ta ɗauki mayafinta, ta rungumi jitar, ta yi gaba. Auta ya bi ta.

Sun tarar da wani mutum mai jar riga ya kawo tasa jitar gyara. Tela ma yana tsaye a bakin ƙofa, ana hira. Mama ko gaisuwar kirki ba ta yi ba.

Ta ce, "Yaya, ban zaci haka daga gare ka ba. Ka sa na juya baya, ka jiyar da ni abu ɗaya, ka saka mini wani. Ina fikof ɗin marigayi?"

Mai jar riga ya miƙa hannu a hankali, ya ɗauke jitarsa daga kan tebur, ya nufi ƙofa.

Mai gyara ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya jawo durowa, ya ajiye ƙunshin tsumma a gaban Mama.

Ya ce, "Ga shi. Na ajiye ne in gwada sake naɗa masa zare, in idona ya yarda. Ban faɗa ba, don kada in yi alkawarin da ba zan cika ba."

Sannan ya kwantar da jitar ƙarƙashin fitilar aikinsa. Ya daɗe yana duban sukurun nan biyu.

Ya ce, "Fentina ya fashe."

Mama ta ce, "To sai me?"

"Ina ɗiga fenti ne don in san inda na tsayar da sukuru. Wani ya murɗa su bayana. Kuma ba da sukundireba ba. Dubi ƙarzuwar. Abu ne mai siririn baki."

Mama ta sunkuya ta duba. Ta ɗago a hankali, ta juya wajen Auta.

Ta ce, "Wuƙata."

Mai gyara bai dubi yaron ba. Ya ɗauki wata 'yar ƙusa, ya kai ta kusa da fikof. Ƙusar ta suɓuce daga yatsunsa, ta manne caf.

Ya ce, "Maganaɗisu yana jan ƙarfe. Tsirkiya kuwa ƙarfe ce. In ya matso da yawa, sai ya riƙe ta, ya hana ta rawa."

Auta ya fashe da kuka. "Ni ne, Baba. Ni na murɗa. Na ga kamar kun cuce mu."

"Me ya sa ba ka tambaye ni ba?"

Auta ya share hanci. "Ai ba kwa kallon mutum."

Tela ya tuntsire da dariya. "Yaro, shekara da shekaru muna maƙwabtaka, ni ma har yau bai san ina da gemu ba!"

Mai gyara ya yi ɗan murmushi. "Wannan kam laifina ne. Bakina nauyi gare shi. Kawunka ne yake yi mini magana da mutane. Tun da ya tafi ban koya ba."

Mama ta rufe fuska da gefen mayafi. "Yaya, ka yafe mini. Na hau dokin zuciya, na ci maka fuska a gaban jama'a." Sai ta dubi Auta. "Kai kuma, a gaban mutane aka ɓata sunansa. A gaban mutane za ka gyara. Maza!"

Auta ya fita da gudu. Ya cim ma mai jar riga a bakin lungu. Yana haki ya ce, "Don Allah ku dawo. Baba bai cuci kowa ba. Ni na ɓata jitar, na ɗora masa."

Mutumin ya dube shi daga sama har ƙasa, ya ce, "To, ka yi ta maza da ka faɗa." Suka dawo tare. Auta ya durƙusa gaban mai gyara, ya roƙi gafara.

Mai gyara ya ce, "Tashi. Akwai sauran aiki. Kai ne mai kaɗawa, kuma har yanzu ba ka zaɓa ba. In mai ƙyallin ka fi so, shi zan saka maka."

Ya kwance tsohon fikof daga jitar Kawu, ya sauko da kwalin sabon, ya sake ɗaura su a jitar gwaji. Ya miƙa wa Auta.

"Wannan karon kai za ka kaɗa. Mamanka za ta tura makunni. Ni zan tsaya can wurin tela, don kada a ce yatsuna ne."

Auta ya zauna a kujerar, ya fuskanci bango. Babu abin kallo sai farin fenti. Ya fara kiɗan Kawu.

Na farko ya fito da ƙarfi, mai daɗi, irin wanda zai sa Rediyo ya yi shiru. Mama ta tura makunni. Na biyu ya fito a natse. Auta ya ji kowace tsirkiya daban, babu wadda ta danne 'yar'uwarta.

Ya ce, "Mama, mayar da na farko." Ta mayar. "Sake na biyu." Ta sake. Ya kaɗa har ƙarshe. Bai taɓa jin kiɗan ya yi kama da rerawar Mama kamar haka ba.

Ya ce, "Wannan."

Ya juyo ya dubi makunni. Tsohon ne, mai ƙarzuwa a gefe.

Mai gyara ya ce, "Mai ƙyallin ma ba shi da laifi. Ga wanda yake son ya rinjayi ganga, shi ne daidai. Amma kiɗan Kawunka ba na ihu ba ne. In kana son ƙara, ga lasifika can, ita ce aikinta."

Ya mayar da fikof a jitar Kawu. Ya ba Auta sukundireba, ya riƙe masa hannu, suka murɗa tare, suna kasa kunne. Da sauti ya tsaya daidai, Auta da kansa ya ɗiga jan fentin.

Da safe ya sami Malam ya faɗa masa gaskiya. Malam ya saurari jitar, ya ce, "Wurinka yana nan. Amma kai za ka riƙa share ɗakin kiɗa har a yi hutu."

Rediyo ya ce, "Ni dai cewa na yi yayana ya ce." Auta bai kula shi ba.

Ranar biki zaure ya cika. Mama ta zauna a tsakiya. Can baya, kusa da ƙofa, mai gyara yana tsaye, tabarau a hannu. Auta ya kaɗa. Sautin ya fita tas har ƙarshen zaure. Leɓunan Mama suna motsi, tana bin kiɗan a hankali. Da aka gama aka yi ta tafi, sai Auta ya hango mai gyara. A karo na farko, yana kallonsa ido da ido.

A hanyar gida Mama ta ce, "Me ka koya?"

Auta ya ce, "Abin da ban gane ba, in tambaya, kada in yi zargi. In na yi kuskure kuma, in faɗa, kada in ɗora wa wani."

Mama ta ce, "Haka ne. Zato zunubi ne, kuma ba mai shi kaɗai yake kayarwa ba. Ka ga har ni ya ja."

Wuƙar tana nan a kicin har yanzu, da lanƙwasasshen bakinta. Mama ta hana a miƙar da shi. Duk ranar da Auta ya fara cewa, "Ni dai ina ganin kamar wane ya yi kaza," sai ta miƙa masa ita tare da albasa.